Maginan da Ba Su Taɓa Sare Itace Ba

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa babu ma'auni, ya koya wa kowace halitta sana'arta tun kafin ta buɗe ido. Bayan haka, ku matso kusa ku gyara zama. Ni ne Bagudu ɗan Anaruwa, Sarkin Maginan Birnin Ƙyalli, wanda ke can bayan Tafkin Shuni, inda rana ke sammakon fitowa ta kuma yi nawar faɗuwa. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi neman maginan da suka fi ni, da irin kunyar da na sha a hanya, wadda matata Tabawa ba ta yarda in rage ko kaɗan daga cikinta ba.

A zamanin kakana garinmu na ƙasa ne, kowane gida da tsamiyarsa ko maɗacinsa. Da aka naɗa ni sarautar magina ina da ƙuruciya, ina kuma son suna. Na je gaban Sarki Dogara na ce masa ginin ƙasa bai dace da girmansa ba, a bar ni in mai da garin na gasasshen tubali, in rufa shi da tagulla. Sarki ya yarda. To, gasa tubali sai da wuta, wuta kuwa sai da itace. Muka fara da dajin gabas, muka koma na yamma, daga nan muka shigo gari muka bi tsamiya da kanya da ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara goma sha ɗaya birnin ya zama abin kallo, ayari na hango walƙiyarsa daga tafiyar kwana uku. Mawaƙa suka yi ta wasa ni, ni kuwa na yi ta ƙara tsawon rawani.

Sai zafi ya zo karɓar rabonsa. Da hantsi rufin gidaje ya ɗau wuta, kafin azahar ɗaki ya zama tanda. Rijiyoyi suka yi ƙasa har guga ya riƙa dawowa da laka. Liman ya taƙaita huɗuba, mahauta suka daina yanka, kajin garin kuma suka daina ƙwai don sun ga ba ya kai yamma bai dahu ba.

Ranar nan Sarki ya tara mu ya ce ya yanke shawara: idan bazara mai zuwa ta same mu a haka, gari duka zai tashi ya koma arewa, tafiyar wata biyu a ƙasa. Da na kai wa mahaifiyata labari, tana zaune ƙafafunta cikin kaskon ruwa, ta ce ita ba inda za ta. Ta haura tamanin, ƙafa ba ta ɗaukarta, ga kuma kabarin mahaifina a bayan gari. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta dubi Tabawa ta ce, "Ki gaya wa mai sarautar nan, shi ya hura mana wannan murhu. Ya san yadda zai yi ya rage masa wuta, ko ya bar ni a ciki in ƙarasa nuna."

Na yi kwana uku ban ci abin kirki ba. A na huɗu na ci karo da wani falke mai gishiri a kasuwa, ya ce can kudu, bayan Hamadar Farin Yashi da Dajin Inuwa, ya taɓa hango wani birni mai dogayen benaye, an kuma gaya masa tsakar ranar cikinsa kamar asubar wasu ce, alhali maginansa ba su taɓa sare ko reshe ba. Ban tsaya tambayarsa su wane ne maginan ba. Na koma gida na ɗaura wa jakinmu Ƙi-Gudu mangala.

Tabawa mai ginin tukwane ce, duk randar kirki da ke garinmu daga hannunta ta fito. Ta ce da ita za a yi tafiyar. Na ce hanya ba ta mata ba ce. Ta ce mutumin da bai taɓa gano inda ya ajiye hularsa ba sai ta nuna masa, ba shi zai gano birni a bayan hamada ba. Muka bar Inna a hannun ƙanwata Marka, muka kama hanya.

Kwananmu tara cikin hamada Ƙi-Gudu ya ga wata ƙaya guda ɗaya tak a duk faɗin yashin nan, ya je ya sosa jikinsa da ita, ta huda salkarmu. Kafin mu ankara yashi ya shanye ruwan. Muka yi yini biyu babu ɗigo. Harshena ya zama kamar busasshiyar fata, har na daina zagin jakin don babu yawun yi.

Da asubar rana ta uku wani farin tururi mai sanyi ya taso daga wajen teku ya lulluɓe tuddai. Sai muka ga yashi yana motsi. Wasu irin buzuzu ne ke fitowa, baƙaƙe wuluk, kowanne ya kai girman akushi. Suka hau kan tudu suka jeru sahu-sahu, kowanne ya kafa kai ƙasa ya ɗaga baya sama, ya tsaya cak. Da muka matsa muka ga raɓa na taruwa a bayansu, tana zama ɗigo, ɗigon yana gangarowa har bakinsu.

Ni dai ƙishirwa ba ta bar ni na yi tunani ba. Na rarumi mafi girmansu na kai baki zan lashe bayansa, ya fesa mini wani abu mai wari a fuska, wanda har yau in na tuna sai hancina ya motsa. Tabawa kuwa ta durƙusa kusa da wani, ba ta ɗaga shi ba, ta dai bi bayansa da ɗan yatsa a hankali. Ta ce bayan nasa ƙuraje ne kamar ɓawon gwandar daji, kan ƙurajen da kaushi, nan raɓa ke kamawa, tsakaninsu kuwa santsi ne kamar an shafa mai, nan take gangarewa.

Tana da kakin zuma da take toshe tsagar tukunya da shi. Duk yinin nan muna ƙarƙashin zanenta da muka kafa a kan sanduna, tana shafe bayan ƙoranmu da faranti da kaki, tana manna musu tsakuwoyi ƙanana. Washegari da tururin ya dawo muka hau tudu muka jera su a sahun buzuzu. Ta miƙa mini babban faranti ta ce in sunkuya in ɗora shi a gadon bayana, kada in motsa, don karkatar ita ce sirrin. Haka na tsaya kai ƙasa baya sama, ni Sarkin Magina, tsakanin ƙwari biyu, har rana ta fito. Muka sami ruwa cikin ƙwarya guda. Ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Sai bayan mun fita daga hamadar, inda ruwan raɓa muka yi ta sha kullum mu da jaki, Tabawa ta gaya mini cewa da dutse aka tokare farantin ma da ya yi.

Daga nan muka shiga Dajin Inuwa, inda itatuwa ke da tsawon da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu. A tsakiyarsa akwai wani gari da ake kira Ciyayya. Mutanensa suka karɓe mu hannu biyu, suka sauke mu a wani ɗaki mai tsabta, suka kawo mana tuwo da kifi da 'ya'yan itace iri-iri. Da muka ƙoshi na so in nuna musu mu ma 'yan birni ne masu tarbiyya. Na share ɗakin, na tattara ɓawo da ƙayar kifi da sauran tuwo da kashin jaki, na fita ina tambayar inda jujinsu yake. Duk wanda na tambaya sai ya dube ni ya ce bai san wannan kalma ba. Da na gaji na sami wani lungu na zuba, na ƙyasta wuta na cinna.

Hayaƙin bai kai kan itace ba na ji an riƙe ni ta hannu biyu. Aka kai ni gaban Magajiya Hankurau, tsohuwar da ke mulkin garin, 'yar ƙarama mai kaifin ido, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ƙwaya a ƙwarya ɗaya, ɓawo a wata. Aka karanta mini laifina: wai na yi wa gida huɗu sata da rana tsaka. Na rantse ban taɓa kayan kowa ba. Sai masu ƙara suka taso ɗaya bayan ɗaya. Mai awaki ya ce ɓawon nan abincin awakinsa ne. Mai kaji ta ce sauran tuwon nata ne. Mai lambu ya ce kashin jaki da ƙayar kifi tun da muka shigo gari yake lissafe da su. Mai sabulu kuwa ta ce ko tokar ma na ɓata ta, don na haɗa ta da abin da ba ya sabulu.

Magajiya ta sa aka fita da ni bayan fada, ta nuna mini ƙasan daji ta ce in duba da kyau. Dajin nan, in ji ta, ya fi shekara dubu yana zubar da ganye kowace rana, ba mai share shi, to ina tarin? Na duba ban ga tari ba. Ta tona da sandarta, sai ga tsutsa da ƙwari da fararen zaruruwa suna ta aikin ci, ƙarƙashinsu baƙar ƙasa mai ƙamshi, saiwoyi kuma sun kafa baki a cikinta.

Ta ce, "A nan muka yi karatu, baƙo. Duk abin da ya faɗo daga hannun wani, akwai bakin da ke jiransa. Aikin mai gari kawai ya san wane baki ne."

Hukuncin da ta yanke shi ne ba za mu bar garin ba sai na samo wa wani abu nasu mai ci. Aka kai ni wani fili, sai ga tsingaro, fasassun tukwane na shekara da shekaru, an tara su tsibi guda har ya fi ɗaki tsawo. Shi kaɗai ne abin da ya gagare su, suna jin kunyarsa har ba su son baƙo ya gani. Na zagaya tarin nan sau bakwai, na tuna kwanakin da ke wucewa da Inna da ƙafafunta cikin kasko. Na yi kwana shida ina gwaje-gwaje. Har akuya na miƙa wa, ta shinshina ta dube ni ta wuce.

Duk wannan abu Tabawa na can wajen matan garin tana koyon yadda ruwan rininsu ke bi ta cikin gadajen ciyawa ya fito garau ya shiga tafkin kifi. Ran na bakwai ta zo ta same ni zaune kan tarin na yi tagumi, ta tambaye ni abin da aka ce in yi, don ni girman kai bai bar ni na gaya mata dalla-dalla ba. Da ta ji sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce a kawo mata turmi. Ta daka tsingaron ya zama gari, ta cuɗa shi da sabon yumɓu, ta gina tukunya a gaban Magajiya. Ta ce haka kakarta ta koya mata, tukunyar da ta ci tsohuwar tukunya ba ta fashewa a wuta. Aka gasa, aka ƙwanƙwasa, ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Matan Ciyayya suka yi ta guɗa. Magajiya ta sallame mu da guzuri da buhun irin itatuwa, ta ce wa Tabawa duk ran da ta gaji da ni ƙofar garinsu a buɗe take.

Bayan wata guda daji ya ƙare, muka fito wani fili ja mai zafi kamar namu, sai ga birnin da falke ya faɗa. Benaye ne jajaye, ɗaruruwa, kowanne ya fi hasumiyar masallacinmu sau biyar. Na gyara rawani na shirya gaisuwar da zan yi wa sarkin maginansu. Muka yi sallama, shiru. Muka zaga, ba ƙofa, ba taga, ba hayaƙin girki. Muna cikin zagayen Ƙi-Gudu ya taka wani wuri, ƙasa ta burma da mu duka uku, muka gangara cikin rami muka zube a kan laka mai laushi.

Abin da na fara ji shi ne sanyi. A waje rana na tsakiya, amma nan ciki iska ce ke shafar fuska kamar ta bayan ruwan sama. Haske na shigowa kaɗan-kaɗan ta wasu ƙananan huda. Kafin in gama mamaki muka ji kas-kas-kas ta kowane gefe, sai ga masu gida. Gara ce, kowace ta kai ɗan akuya. Ashe benayen nan suri ne. Suka wuce mu da laka a baki, suka hau inda muka burmo, muna kallo suka liƙe ramin tsaf, suka shafe shi sumul fiye da yadda ni zan iya.

Bayansu sai ga wasu manya masu jan kai da muƙamuƙi kamar almakashin maƙera, suna kaɗa ƙahonni suna nufo mu. Tabawa ta raɗa mini cewa ba su da idanu, da hanci suke nema. Ta damƙi laka ta shafe jikinta, ta shafe ni har rawani, muka taru muka shafe jaki. Wani babba ya zo ya bi ni da ƙaho daga ƙafa har gemu, ina karanta duk abin da na haddace, sannan ya wuce, ya ɗauke ni bango. A karo na farko a rayuwarsa Ƙi-Gudu ya yi shiru lokacin da ake son shiru.

Muka shiga neman mafita. Hanyoyi sun fi dubu, kowace kamar 'yar'uwarta. Tabawa ta zare zare ɗaya daga gefen zanenta ta riƙe shi a sama, ya karkata. Muka bi inda yake nunawa, ya kai mu wani wawakeken rami a tsakiyar ginin wanda ya miƙe sama kamar rijiyar da aka kifa. Duk iskar gidan nan take taruwa ta haura, da ɗumi. Mu biyu ma iya hawa, amma jaki ba zai iya ba, kuma a bayansa irin itatuwa da ƙoran raɓa suke. Muka juya muka bi zaren ta baya, inda iskar ke fitowa. Hanya ta gangara da mu ƙasa, har wani ɗaki mai faɗi da aka jera masa siraran bangaye na jiƙaƙƙiyar laka kamar haƙarƙari, gara na ta ɗebo ruwa daga can ƙarƙashi tana shafa musu. Gaba da su, daidai gindin ginin, ga ƙananan ƙofofi birjik, iskar waje na shigowa ta ciki da zafinta, ta ratsa haƙarƙarin nan ta fito da sanyi.

Nan na manta da tsoro. Na zauna dirshan ina kallo, ina zane a kan laka da tsinke. Iska ta shigo ta ƙasa, ta sha ruwa, ta zaga ɗakuna, ta kwashi zafi, ta fice ta sama, fitarta kuma ita ke jawo wata. Bangon ga kauri, ga shi yana numfashi. Ba wuta, ba itace, ba mafici. Shekara talatin ina gini, ban taɓa tambayar kaina ta ina iska za ta shiga ta ina za ta fita ba.

Tabawa ta taɓa ni ta ce, "Maigida, karatun ya yi kyau, amma ƙofofin nan ko kaina ba zai wuce ba."

Gaskiyarta. Na gwada faɗaɗa ɗaya da wuƙa, bangon kamar dutse, kuma ɗan abin da na ɓantare kafin in juya sun mayar. Sai na lura da wani abu: duk inda iska ta yi yawa suna toshewa, inda ta yi ƙaranci kuma suna hudawa. Na ce wa Tabawa yau za mu ɗauki masu gida aiki. Muka kwaɓa laka da yawa, muka bi ƙofofin gefe guda muna toshewa da sauri, ita ta dama ni ta hagu, har muka rufe fiye da arba'in. Zaren hannunta ya faɗi ya daina motsi. Wurin ya fara ɗumi. Ba a jima ba sai ga ma'aikata tururu, suka jiƙa bango da bakinsu suka shiga huda sababbin ƙofofi, kusa da kusa, duk a wuri ɗaya, har bangon ya zama kamar rariya.

Daidai nan Ƙi-Gudu ya ga hasken waje, haƙurinsa ya ƙare, ya wage baki ya yi kukan da ya girgiza surin tun daga tushe. Masu jan kai suka juyo gaba ɗaya. Na juya jakin na saita ƙafafunsa na baya da rariyar nan, Tabawa ta tsikare shi da tsinken kitso. Harbi biyu ya yi bango ya rufta. Muka fita a guje, jakin da bai taɓa gudu ba ya riga mu kai wa inuwar farko. Da na waiwaya na ga har sun fara gyara. Na tsaya na cire rawanina mai laka na gaishe su gaisuwar da na shirya, don ban ga wanda ya fi su cancanta ba.

Muka iso gida saura wata uku bazara, mun tarar har wasu sun fara ɗaure kaya. Inna ta rame, magana ma sai a hankali. Ban ko huta ba na rushe ɗakinta na sa hannu. Na yi bango da ɗanyar ƙasa, kamu uku kaurinsa. Na haƙa ɗaki a ƙarƙashi, Tabawa ta jera masa randuna masu tsattsafo. Na bar ƙananan ƙofofi a gindi, na ta da doguwar hasumiya mai rami a tsakiya. Mutane suka riƙa zuwa kallo suna cewa Sarkin Magina ya je yawon duniya ya dawo da suri.

Da aka gama muka shiga da zare. Ya ɗan motsa, ya tsaya. Ɗakin ya fi na da, amma ba abin da za a hana gari tashi saboda shi ba ne. Na ƙara ƙofofi, na ƙara randuna, iska ta ƙi tafiya. Saura kwana ashirin. Na zauna a ƙofar ɗakin Marka, inda aka kwantar da Inna, ina gaya wa Tabawa cewa surin ya fi nawa tsawo sau goma, shi ya sa yake ja, ni kuwa ba ni da lokacin yin irinsa.

Ashe Inna na ji. Ta ce da Tabawa, "Tambayi mai sarautar nan, bai taɓa zama kusa da murhu ba ne? Hayaƙi ba ya sauri sai wuta ta yi zafi. Tagullar nan tasa da ta iya dafa mutane, ya kai ta can sama ta dafa iska mana."

Na miƙe tsaye na ɗauko tsani. Kafin la'asar mun ɓamɓaro rufin gidana, mun naɗe kan hasumiyar da shi. Washegari da rana ta take, tagulla ta ɗau zafi, iskar cikin hasumiya ta yi sama da ƙarfi, sai muka ji ɗakin ya ja numfashi. Zaren hannun Tabawa ya miƙe ya kwanta a iska, ya ƙi saukowa. Yadda rana ta ƙara zafi, haka ɗakin ya ƙara sanyi.

Muka mayar da Inna ɗakinta, na aika fada a gaya wa Sarki. Fadawa suka ce ba za su fito da shi cikin wannan rana don maganar mutumin da ya riga ya cuce su sau ɗaya ba. Amma kwana biyu bayan haka matan gari suka fara cigiyar kyanwoyinsu, har da ta gidan Sarki, wata fara mai ji da kanta. Aka bi sawu aka bi sawu, sai ɗakin Inna. Ga su nan sun fi sittin, sun miƙe a ƙasa suna barci, wasu a kan wasu, tsohuwa na tsakiyarsu a kan gado tana jan carbi. Sarki da kansa ya zo ɗaukar tasa. Ya shiga da niyyar fitowa nan take, ya zauna a bakin gado don su gaisa da Inna, ba a fi ƙiftawa goma ba muka ji minshari. Fadawa suka tsaya a waje cikin rana suna jira har la'asar.

Da ya farka ya ce a kwance kaya, ba inda za a. Ya ba da umarni kowane gida ya sauke rufinsa ya kai shi kan hasumiya, abin da ya ragu a yi farantan raɓa a jera a tudun da ke fuskantar tafki. Tubalin da aka rushe Tabawa ta sa aka daka aka mayar cikin yumɓu. Irin da Magajiya ta ba mu aka raba gida-gida, aka kuma ce duk wanda akuyarsa ta ci tsiro shi zai yi wa tsiron gadi har ya fi ƙarfin akuya. Aikin ya ɗauke mu shekaru, ban kuma ce mun gama ba.

Amma a ranar nan ta farko, Sarki na shirin fita, mu duka muna durƙushe, sai Inna ta yi gyaran murya ta ce da Tabawa ta miƙo mata mayafi, sanyi na damunta. Aka dubi juna. Tabawa ta buɗe adaka ba ta samu ba. Marka ta ruga gidanta ta dawo hannu wofi. Aka aika maƙwabta, aka aika fada, duk faɗin Birnin Ƙyalli babu mai bargo ko gwado, an daɗe da sayar wa fatake. Sai Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya lulluɓa mata da hannunsa. Ta shafa ta ta ce ba laifi, za ta riƙe kafin a samo na kirki.

Nan na tsaya, ya ku masu sauraro. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, abin da na ƙara kuwa Tabawa na nan zaune, za ta gaya muku.